Ido wa ka raina? Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu ɗaukar hoto na Arewa

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana masu rataye kyamara a wuya, na Kano da Zariya da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Jos har zuwa Maraɗi da Damagaram, da ku shugabannin ƙungiyoyin masu hoto na unguwa-unguwa. Ya aiki, ya kasuwa, Allah ya sa albarka a nema.

Na daɗe ina son rubuto muku wannan takarda ina fasawa, saboda na san halin da kuke ciki, yaro ya ci bashi ya sayi kyamara, ga kuɗin haya ga man janareto ga data, kwastoma kuma sai ya gama karɓar aiki sannan ya fara cewa a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata, to a cikin wannan hali in wani ya zo yana maka dogon bayani a kan yadda ake ganin duniya ai sai ka ji kamar ya raina maka wahala. Amma abin da ya faru a gidanmu kwanan nan ya sa na ce a'a, shirun ya isa.

Bikin 'yar ƙanwata aka yi. Yarinya ce baƙa, baƙi mai kyau mai sheƙi irin na kakarta, tana da ɗan wushirya da wani ƙaramin tabo a gefen gira da ta samu tun tana rarrafe. Bayan sati biyu aka kawo albam, babba mai nauyi an kashe masa kuɗi, muka zauna a tsakar gida ana ta miƙa shi hannu zuwa hannu har ya iso wurin Hajiya, tsohuwar da ta raini yarinyar nan tun daga yaye. Ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa, ta juya shafi ta sake juyawa, sai ta ɗago ta ce “to ina ita amaryar?” Wallahi ba wasa take ba. Ba ta gane jikarta ba. An mayar da ita fara tas, an goge tabon, an matse hancin, fatar fuska ta koma kamar roba babu ko ramin gashi ɗaya. Yara suka yi ta dariya, ni kuwa abin ya tsaya min a rai har dare ban yi barci ba, don tunanin da na yi shi ne nan da shekara 40 jikokin yarinyar nan za su buɗe albam ɗin su ce ga kakarmu, alhali matar da ke ciki ba a taɓa haihuwar ta ba.

Ni ma ɗan sana'ar ne, shi ya sa nake jin ina da bakin magana. A farkon shekarun 1990 aka kai ni wani sutudiyo a Fagge in koyi aiki, lokacin fim ake sawa a kyamara, nadi ɗaya hoto 36, in ka danna ka danna kuɗi, kuma ba za ka ga abin da ka ɗauka ba sai an wanke. Maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama, ya yi wata uku bai bar ni na taɓa kyamara ba. Shara nake yi, ina goge gilas, ina riƙe masa fitila. Amma kullum da safe in na zo sai ya tambaye ni, “me ka gani a hanya?” In ce ban ga komai ba Baba. Sai ya ce “to makaho ne ya zo min aiki yau.” Haushi ya sa na fara lura don in samu abin faɗa, sai ga shi ina zuwa da labari, yau na ga mai shayi yana ɗaga kofi sama yana zuba ruwan yana yin igiya hasken safe na ratsa tururin, gobe na ga wata tsohuwa mai ƙosai hayaƙi ya rufe rabin fuskarta, jibi na ga inuwar ɗan garuwa ta fi shi tsawo sau uku a jikin katanga. Ranar da na ce masa na ga inuwar nan ita ce ranar da ya miƙo min kyamara. Sai da na girma na fahimci cewa ba tsare ni ya yi ba, aikin ne yake koya min tun ranar farko.

Ku duba harshenmu ma kawai. Bahaushe bai tsaya a kalma ɗaya ba, akwai gani akwai kallo akwai duba, akwai hange akwai leƙe akwai tsinkaya, akwai ƙura ido akwai satar kallo, akwai lura. Mai kallo ɗan biki ne, ya zo ya sha kallo ya tafi. Mai leƙe ɓarawo ne ko ɗan gulma. Mai lura kuwa shi ne wanda ya tsaya har abin ya buɗe masa kansa. Kowane hoto da ka ɗauka ɗaya ne daga cikin waɗannan, kuma wanda ya iya karanta hoto yana ganewa ko leƙe ka yi ko lura. Kuma Hausawa suka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Wannan karin maganar ita ce ciwon da sana'armu ta zo ta yi wa magani, in dai mun yarda mu yi ta yadda ya kamata. Ido yana gajiya da abin da ya saba, ya daina ganin sa sam, layin gidanku da ka bi sau dubu ba za ka iya faɗar launin ƙofar maƙwabcinka na uku ba. Hoto mai kyau shi ne wanda zai kamo abin nan da ido ya raina ya ajiye shi a gabanka ya ce sake dubawa. Ko a Alƙur'ani mai girma da Allah ya so ya jawo hankalin Larabawa, cikin Suratul Gashiya, raƙumi ya ce su duba yadda aka halicce shi, da sama da duwatsu da ƙasa, wato abubuwan da suke tare da su dare da rana har sun daina lura da su. Ban shigo maganar hukuncin hoto ba, wannan fagen malamai ne kuma kowa ya san malaminsa, maganar duba kawai nake yi.

Kuma kada wani ya ce muku wannan ilimin na Turawa ne mu aro muka yi. Eh, a Faransa aka fara kama hoto ya zauna a jikin abu, Niépce wajen 1826, sannan Daguerre ya fito da nasa a 1839. Amma tushen abin, wato sanin yadda ido yake gani, wanda ya warware shi Hasan Ibnul Haisam ne, haifaffen Basra wajen shekara ta 965, ya yi aikinsa a Alƙahira ya rasu a can wajen 1040. Kafin shi da yawa daga masana sun ɗauka wani haske ne yake fita daga ido ya je ya taɓo abu. Shi ya nuna da gwaji a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shigo ido, ya yi gwajin ɗaki mai duhu da ƙaramar huda, hasken fitilun da ke waje ya ratsa hudar ya sauka a bango a juye. Duk wanda ya taɓa kwanciyar rana a ɗakin ƙasa mai ƙyauren langa-langa da ƙusa ta huda ya san wannan, za ka ga inuwar masu wucewa a bango ƙafa a sama kai a ƙasa, muna yara har tsoro abin yake ba mu. To kyamarar da ka saya miliyan biyu ɗakin nan ne aka ƙanƙanta. Abin da ya fi burge ni a maganar Ibnul Haisam shi ne ladabin da ke cikinta: ido karɓa yake yi, ba shi yake bayarwa ba. Mai hoto baƙo ne da ya zo karɓar haske daga fuskar wani. Yanzu kuwa mun juya abin, mu muke fita da abin da ke kanmu mu shafa wa mutane a fuska.

Maganar farin nan bari in ɗan daɗe a kanta don ita ta fi ci min rai. Kun san cewa shekaru da yawa kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati da ake daidaita launi da shi, ana ce masa katin Shirley, hoton Baturiya ce a jiki, da fatarta ake auna ko injin ya daidaita? Shi ya sa a tsofaffin hotuna masu launi in baƙi da fari suka tsaya tare sai ka ga Baturen ya fito sarai shi kuwa baƙin sai ido da haƙori. Kuma cikin waɗanda suka matsa aka gyara har da masu sayar da cakulan da masu kayan katako, su ne suka yi ƙorafin cewa fim ɗin ba ya bambance ruwan ƙasa mai duhu da mai haske a tallarsu. Ka ji fa, cakulan da kujera. Mu da muka yi aiki da fim mun sha wannan wahalar, sai ka buɗe ido na kyamara ka ƙara haske, ka sa farin kwali a gefe ya mayar da haske fuska, duk don fatar mutumin Kano ta fito da kyaunta. Yau Allah ya kawo na'urar da za ta iya nuna baƙar fata da duk launukan da ke cikinta, wankan tarwaɗa da baƙi wuluk da ja da mai ruwan zuma, sai kuma mu da hannunmu muka zauna a gaban kwamfuta muna goge ta. Abin da injin ya yi mana bisa rashin kula yanzu mu muke yi wa kanmu da gangan har ana biyan mu.

Na san amsar da za ku ba ni, kwastoma ce take so, in ban yi mata ba za ta tafi wurin wani. Gaskiya ne, na ji wannan da kunnena, amarya ta ce “don Allah a ɗan haska ni.” Amma ku tambayi kanku wa ya koya mata son hakan? Shekara nawa tana buɗe Instagram tana ganin duk amaryar da kuka saka fara ce? Ku ne malamanta. Idon jama'a a hannunku yake ko kun sani ko ba ku sani ba, abin da kuka maimaita nunawa shi ne zai zama kyau a garin. Kuma yarinyar da ta ga an haska ta a hoto ta fi kyau a ganin mutane, gobe kanti za ta je ta sayi man bilicin don fuskarta ta kamo hoton, alhali likitoci kullum suna gargaɗi a kan abin da mayukan nan suke yi wa fata da ƙoda. Ba na cewa ku ƙi gyara hoto, mu ma a ɗakin duhu muna gyarawa, a rage ƙurji a daidaita haske. Amma akwai gyara akwai musanya mutum. Ko hoto biyu ne a cikin albam ka bar mata su da ainihin launinta, ka yi musu haske mai kyau na taga ko na la'asar sakaliya, ka nuna mata ka ce Hajiya dubi wannan. Na rantse wasu za su zaɓe shi, ba duka ba amma wasu za su zaɓa, kuma daga nan ake farawa.

Sai maganar hawa. Ina son hawan Sallah kamar kowane Bakano, tun ina kan wuyan babana nake kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, kuma na yi murna da UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024. Amma ku taru ku zuba hotunanku na hawa wuri ɗaya, na mutum 50, ku cire sunayenku, wallahi ba wanda zai iya ware nasa. Doki ɗaya, rawani ɗaya, lifidi ɗaya, ɗan bindiga da hayaƙi, shi kenan. Kowa ya tsaya inda kowa ya tsaya. Ina mai yankan ciyawar dokin? Ina baduku da ya kwana sati uku yana ɗinkin kayan sirdi, ina maƙerin da ya yi linzami da likkafa, ina matar da ta tashi tun asuba ta dafa wa mahaya 30 abinci ba ta ga hawan ba ko sau ɗaya a rayuwarta? Ina dokin bayan an sauke masa kaya da magariba, jikinsa duk kumfar gumi, yaron barga yana shafa masa wuya? Ina fuskar ƙaramar yarinya da kwalliyar Sallah da ta hau katanga? Rabin hawa yana bayanka ne lokacin da kake fuskantar sarki, juyowa kawai za ka yi.

Kuma ku lura da inda kuke tsayawa, don tsayuwa magana ce. Mai sarauta kullum daga ƙasa kuke ɗaukar sa, kun durƙusa, sai ya fito ya cika sama. Almajiri kuwa daga sama kuke ɗaukar sa, kuna tsaye ko ma daga cikin mota ta taga, sai ya fito ɗan mitsitsi da roba a hannu yana ɗaga ido. Kafin a rubuta ko kalma ɗaya a ƙarƙashin hoton kun riga kun yanke hukuncin waye mutum waye abin tausayi. Gwada ka tsuguna daidai tsayin yaron nan, ka tambaye shi sunansa da garinsu da izu nawa ya kai, ka nemi izinin malaminsa, ka dawo da dare lokacin da suke karatu a gaban wuta ko da asuba yana wanke allo, ka ga hannunsa yadda yake riƙe alƙalamin kara yana ja da tawada. Ba cewa nake a ɓoye wahalarsa ba, yunwar gaskiya ce, ƙazuwar gaskiya ce, rashin takalmin gaskiya ne kuma dole a nuna don masu mulki da iyaye su ji kunya. Amma yaron ya fi yunwarsa yawa. In ka nuna yunwar kaɗai ka samu laik dubu biyar ka wuce ko sunansa ba ka sani ba, to kai ma ka ci da shi ne.

Akwai hoton nan da duniya ta sani na Kevin Carter ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya ɗauka a kudancin Sudan a 1993 lokacin yunwa, ƙaramin yaro ya kife a ƙasa ungulu na tsaye a bayansa. Hoton ya girgiza mutane, ya ci kyautar Pulitzer a 1994, amma tambayar da aka yi ta jifan sa da ita ita ce, bayan ka danna me ka yi wa yaron? A cikin shekarar da ya karɓi kyautar ya rasu. Ba na kawo shi don in zarge shi ba, hotonsa ya sa an ga abin da ake kawar da kai daga gare shi. Na kawo shi ne don tambayar nan tana kan kowa a cikinmu, har da masu waya. Yau in aka yi haɗari a hanyar Zariya ko gobara a kasuwa kafin a kawo ɗauki an riga an zagaye mutum da wayoyi, gawa ba sutura tana yawo a WhatsApp, uwa ta ga ɗanta a sitatus kafin a zo a yi mata gaisuwa. Wannan leƙe ne, mafi munin leƙe. Mu da muka tashi aka koya mana in an ga gawa a rufe ta, in mace ta faɗi a kawar da kai a miƙa mata mayafi. Ku da kuke ƙwararru ku ya kamata ku fara cewa a'a, ku sa a dokar ƙungiya, ku tsawata wa yaranku, don in mai babbar kyamara ya sauke ta ya kama hannun wanda ya ji rauni masu waya ma za su ji nauyi.

Kada ku ce babu wanda ya yi irin abin da nake faɗa ya ci riba. Fati Abubakar 'yar Maiduguri ce, lokacin da duk hoton da ke fita daga Borno na bam ne da sansanin gudun hijira da soja, ita ta fara saka hotunan garinsu a 2015 da sunan Bits of Borno, 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu kwalliyar Sallah, tsofaffi a bakin titi, kuma tana haɗawa da abin da mutumin ya faɗa da bakinsa. Ba ta ce babu yaƙi ba, cewa ta yi akwai mutane a nan. Manyan jaridun duniya sai da suka neme ta. J.D. 'Okhai Ojeikere kuwa, wanda ya rasu a 2014, tun 1968 ya ɗauki abu ɗaya da kowa ya raina, kitson mata, ya bi shi shekara da shekaru har ya tara hoto kusan 1000, yawanci ma ta ƙeya yake ɗauka, baƙi da fari, babu ado babu komai sai kitson kamar gini. Yau ana rataye su a manyan gidajen tarihi na duniya. To mu wa ya bi mana kitsonmu, shuku da kalaba da zanen yawo da doka? Wa ya bi lalle, daga na dungulmi irin na kakanninmu zuwa zanen fulawa na yanzu? Tsagar gado tana ƙarewa a kan idonmu, bille da kalangu da 'yar baka, masu ɗauke da ita tsufa suke yi, nan da ɗan lokaci sai dai a ba da labari, kuma ko mutum yana ganin gara da aka daina ai ya kamata a san yadda fuskar kakanninmu take. Zanen hular zanna da kube, dagi a goshin soro, zankwaye, ƙofofin gari, marina ta Ƙofar Mata da hannayen da baba ya rina har gwiwar hannu, lungunan Kasuwar Kurmi da haske ke saukowa cikinsu kamar zare. Ganuwa kuwa kullum raguwa take, inda ka gani bara bana shago ne.

Ku je ku duba aikin Seydou Keïta na Bamako. A 1948 ya buɗe wurinsa, a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, ya rataya zane mai fure a baya, yana da rediyo da agogo da alƙalami da babur da yake ara wa kwastoma. Hoton kuɗi yake yi kamar ku, mutane su zo su biya su tafi. Amma dubi yadda yake zaunar da mace, yadda yake ajiye hannunta, yadda take kallon ka kamar ita ce mai garin. Mutunci ya gani a jikinsu ya fito da shi. Kuma ya yi abu ɗaya da ya bambanta shi da dubban irinsa: ya adana nagatif ɗinsa, wato wankakken fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa. Shi ya sa da aka zo nema a farkon shekarun 1990 aka samu. Haka Malick Sidibé, shi ma a Bamako, da ya bi samari da 'yan mata wuraren rawa da bakin kogi, a 2007 aka ba shi babbar kyautar baje kolin Venice. A Yamai ma an yi Philippe Koudjina da ya ɗauki rayuwar garin a shekarun 1960 da 1970. Kuna tsammanin Kano da Zariya da Jos ba su yi irin waɗannan mutane ba? Sun yi wallahi. Na zauna da ɗaya.

Nan ne inda abin yake min ciwo. Maigidana ya fara aiki tun kafin yaƙin basasa. A ɗakin baya na shagon akwai akwatuna da buhuna cike da nagatif, kowanne a ambulan da kwanan wata da rubutunsa na ajami, maniyyata da suka zo hoton fasfo, angwaye da kekensu sabo, 'yan kamasho, ɗaliban da suka sauke, sojoji da za su tafi ba su san ko za su dawo ba, mata da goyo. Da ya rasu ina Legas ina wani aiki. Kafin in dawo an raba gado an sayar da shagon, wanda ya saya yana sauri zai zuba kaya, aka fitar da buhunan aka jibge a bayan gida, damina ta sauka a kansu, abin da ya rage aka cinna masa wuta da shara. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya san abin da ke ciki, a ganinsu tarkace ne. Fuskokin mutanen Fagge na shekara 30 suka tafi a yini ɗaya. Bayan nan da kamar shekara biyu wata mata ta neme ni har gida, ta ce an ce ni ne yaron mai hoto, mahaifinta ya rasu tana ciki, an faɗa mata ya taɓa ɗaukar hoto a shagonmu, ko za a samu ta ga kamanninsa sau ɗaya. Na rasa abin da zan ce mata. Har yau in na tuna yadda ta ce “ba komai, Allah bai nufa ba” ta gyara mayafi ta fita, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ku kuma naku ya fi namu saurin ɓacewa. Nagatif sai an ƙona shi, memori kuwa dannawa ɗaya ce, biki ya wuce an biya a goge a sa na gaba, kwamfuta ta mutu shekara biyar ta tafi, a sace waya shi kenan. Kun fi kowane zamani yawan ɗauka, ina tsoron ku zama waɗanda suka fi kowa barin kaɗan. Ku duba dalar gyaɗa, yau duk abin da yaro ya sani game da ita hoto ne, buhuna sun tashi sama kamar dutse, amma yawancin hotunan daga nesa aka ɗauke su, an auna dalar ne ba mutanen ba, leburorin da suka hau da buhu a ka ɗigo-ɗigo ne a gefe ba suna ba fuska. Kakannin wasunku ne a ciki. Wanda ya riƙe kyamarar ba su ya zo gani ba, gyaɗa ya zo gani.

Don haka shugabannin ƙungiya ga roƙona, kuma ba abu ne mai tsada ba. Yadda kuke karɓar kuɗin wata-wata don taimakon biki da suna, ku ware wani abu ku sayi ma'ajiya biyu ta hotuna a ajiye a wuri daban-daban, kowane mamba ya kawo hoto 20 a shekara waɗanda ba na kwastoma ba, nasa na ganin idonsa, da sunan wuri da kwanan wata da sunan wanda ke ciki in ya yarda, don hoto ba suna maraya ne. Ku wanke wasu a takarda, takarda tana daɗewa. Ku je ku zauna da mutanen Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano da Arewa House a Kaduna ku ga ko za a samu inda za a ajiye kwafi. Sannan ku bi tsofaffin masu sutudiyo da suka rage a Sabon Gari da Fagge da Tudun Wada da cikin birni tun suna da rai, ku gaishe su ku tambaye su ina akwatunan, in sun rasu ku nemi magada kafin a sayar da shago. Kuma in yaro ya zo koyon aiki kada ranar farko ku zaunar da shi gaban kwamfuta ku nuna masa yadda ake goge fata, ku aike shi ya zaga unguwa da hantsi ya dawo da la'asar ya faɗa muku me ya canja a jikin katanga ɗaya, ya san bambancin hasken hunturu mai hazo da na bayan ruwan sama.

Ni abin da na tsira da shi daga shagon nan gwangwani ɗaya ne na madara da na taɓa tafiya da shi gida zan jera ban mayar ba, nagatif 61 ne a ciki, wasu sun fara cin tsatsa a gefe. Na ɗaga su a hasken taga na ga akwai wani mai keke da rawani, akwai 'yan mata uku da ɗankwali iri ɗaya, akwai wani tsoho riƙe da buta da carbi da alama hoton tafiya Makka ne. Ba ni da na'urar da ake mayar da su cikin kwamfuta. In akwai wanda yake da ita a cikinku, ko ƙungiya za ta ɗauki nauyi, zan kawo su da ƙafata, mu wanke mu manna a bakin masallacin Juma'a na Fagge ko wani ya gane nasa.

Wassalam.

Naku,
wani tsohon yaron sutudiyo, daga Fagge, Kano.